Idan na'ura ta karɓe aikin yaran shago, daga ina gwanayen gobe za su fito?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi.

Shekarata 14 ina rubuta manhajar kwamfuta, muna da ɗan ofis a Kaduna, mu biyar. Akwai wani ɗalibi da ya zo mana koyon aiki na wata shida, yaro mai ladabi, ga kaifin kai. Ranar Alhamis manhajar wani kantin magani da muke kula da ita ta fara kawo shirme, kuɗin da ke cikin durowa daban, wanda ke kan allo daban. Na ce yaron ya duba. Ko minti 20 ba a yi ba ya dawo ya ce ya gyara. Na gwada, wallahi ta gyaru. Sai na ce masa to me ya lalace? Ya yi shiru, can ya ce kwafa ya yi ya ba ChatGPT, manhajar nan ta AI (ƙirƙirarriyar basira) mai amsa tambayoyi, ta ba shi gyara, ya liƙa. Na ce karanta mini layin da ka canza, ka gaya mini aikinsa. Ya kasa.

Ban yi masa faɗa ba, aiki na ba shi kuma ya yi. Amma irin wannan matsalar ce ta hana ni barci kwana uku a shekarar da na fara aiki, kuma kwana ukun nan su suka koya mini yadda kwamfuta ke gutsure kwabbai idan aka adana kuɗi da lambobi masu ɗigo. Har gobe, da na ga lissafi ya kauce da naira ɗaya ko biyu, can hankalina ke fara zuwa. Shi ya samu amsar, bai samu kwana ukun ba.

Ni yau zan iya duba aikin AI in ce nan ta yi daidai, nan ta yi ƙarya. Shi nan da shekara goma wa zai duba masa?

Khalifa:
Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma ku manya kuna son ku ga mun sha wahalar da kuka sha ne kawai. Da aka kawo kalkuleta haka aka ce, da aka kawo Google haka aka ce. Tunda ta gyaru mai kanti ya ci gaba da ciniki, ina matsalar?

Baban Gareji:
Khalifa ɗana, zo gareji ka ga matsalar da idonka.

Yanzu kowace mota aka kawo sai a ce a sa mata kwamfuta. Ni ban ƙi ba, ina da ita, kuɗi na sa na saya. Amma kwamfuta inda ciwo ya bayyana take nunawa. Makon jiya ta nuna wa yarona wani sensa da ke jikin salansa, ya sa mai mota ya sayo sabo, aka ɗaura, fitila ta sake kamawa. Na shiga ƙarƙashin motar na bi wayar da hannu, ashe ɓera ne ya ci ta. Sensan farko lafiyarsa ƙalau.

Ni maigidana, Allah ya ji ƙansa, shekara biyu na yi ina wanke noti da fetur ina miƙa masa sifana kafin ya bari na kwance injin. Lokacin haushi nake ji, ina ganin bauta ce. Ashe duk tsawon lokacin kunnena ke koyon karatu. Yakan ɗora kan sukundireba a jikin injin ya kara ƙotar a kunne, ya ce mini saurara. Yau mota tana shigowa layinmu nakan san abin da ke damunta kafin direba ya kashe ta. Ba zan iya rubuta maka yadda nake sani ba.

Khalifa:
Baba ai ka ga kai ka samu maigida mai cewa saurara. Mu wa muka samu? A 2022 wata takwas muka yi a gida saboda yajin aikin ASUU, daga Fabrairu har Oktoba. Muka dawo aji, mu sama da ɗari biyu, malami ɗaya, in ka yi tambaya a ce ka je ka yi bincike. Ni abin da na iya na rubuta manhaja yau, fiye da rabi da AI na koya. Ƙarfe biyun dare zan tambaye ta abu ɗaya sau biyar, ba ta tsaki, ba ta ce mini daƙiƙi. Kada ku kwatanta ta da ƙwararren malami mai lokacinka, ku kwatanta ta da babu.

Malama Hajjo:
Wannan maganar ta Khalifa gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi don ni ma malama ce, lissafi nake koyarwa a sakandare. Amma akwai wani gwaji da aka yi a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000, masu bincike daga jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka yi shi. An raba yaran uku a darasin lissafi. Kashi na farko littafinsu kawai. Kashi na biyu an ba su AI sakaka, su tambayi abin da suke so. Kashi na uku an ba su AI da aka ɗaure ta, ba ta faɗin amsa, sai dai ta ɗan haska maka hanya.

A lokacin atisaye masu AI sakaka sun fi masu littafi da kashi 48 cikin 100. Da aka karɓe na'urar aka yi jarrabawa, sai suka faɗo ƙasa da masu littafi da kashi 17. Su kuwa kashi na uku ba su yi wannan faɗuwar ba.

Don haka Khalifa, kai da yaron Abban Sadiq kuna iya riƙe manhaja iri ɗaya amma ba abu ɗaya kuke yi ba. Kai ka ce sau biyar kake tambaya har ka gane. Shi sau ɗaya ya tambaya ya liƙa.

Khalifa:
To Malama, wani lokacin ni ma liƙawa nake yi, ba zan yi ƙarya ba 😅

Dakta Ummu Ilham:
Ku bar yara su huta, mu manyan ma ba mu tsira ba.

A watan Agustan 2025 ɗaya daga cikin mujallun likitanci na Lancet ta buga wani bincike daga cibiyoyi huɗu a Poland, kan likitocin da ke duba babban hanji da kyamara suna neman ɗan tsiron da kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Ba 'yan koyo ba ne, kowannensu ya yi aikin sama da sau 2,000. Kafin a kawo musu AI mai nuna tsiron a kan allo, suna gano shi a kashi 28.4 cikin 100 na waɗanda suka duba. Bayan an kawo ta, sai aka ƙirga dubawar da suka yi ba tare da ita ba a wata ukun da suka biyo baya. Ya sauka zuwa kashi 22.4. Wata uku fa! Ido ya saba jira a zana masa akwati a kan abin.

Ni kuma abin da ya fi damuna shi ne na ƙasa da mu. Kafin mutum ya zama babban likita a ƙasar nan sai ya yi shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko shida na ƙwarewa. Mafi yawan wannan lokacin a kan aiki mai gundura yake tafiya: ɗaukar tarihin mara lafiya, rubuta fayil, duba hoton ƙirji ɗari wanda casa'in lafiyayyu ne. To casa'in ɗin nan su ke koya wa idonka kamannin lafiya, har ranar da na casa'in da ɗaya zai zo ka ji jikinka bai yarda da shi ba tun kafin ka san dalili. Idan na'ura ta tace masu sauƙin ta miƙo wa sabon likita masu wuyar kaɗai, da wane ido zai gan su?

Lauyan Talaka:
Dakta, amma ba ku aka ce za a sallama ba tun tuni? 😂

Dakta Ummu Ilham:
Barista ai muna nan muna jiran takardar sallamar. A 2016 masanin AI Geoffrey Hinton, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2024, ya ce a daina horar da likitocin karanta hoto, wai nan da shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekara biyar ta wuce, har yau ƙarancinsu ake kuka da shi a ƙasashe da dama. Ka yi tunanin da an bi maganarsa an rufe horon a wannan shekarar. Manhaja a wata shida an sabunta ta, shi kuwa likita in ka daina shuka shi yau, sai bayan shekara goma za ka ga gurbin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Lauyan Talaka:
Mu namu abin kunyar ya riga ya faru. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin Avianca, saboda sun shigar da takarda ɗauke da hukunce-hukuncen da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙaga su da sunaye da lambobi tsaf. Kuma wanda ya yi binciken ya kai shekara 30 yana aikin lauya. Don haka Abban Sadiq, tsufa a sana'a ma ba ya hana mutum liƙawa in ya gaji ko lokaci ya ƙure.

Kawu Injiniya:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Wannan muhawarar masu harkar jiragen sama sun riga ku yin ta da shekaru, kuma da rayuka suka biya kuɗin karatun.

Daren 31 ga Mayu 2009, wayewar 1 ga Yuni, jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio zai je Paris da mutum 228. A tsakiyar tekun Atlantika ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudun jirgin. Na'urar tuƙi ta ga lambobin sun rikice, sai ta saki jirgin ta bar wa matuƙa. Injuna lafiya lau suke. Da an riƙe shi a daidaice na ɗan lokaci da ya wuce, don bututun ma ya buɗe daga baya. Amma matuƙin da ke riƙe da shi ya riƙa ɗaga hancinsa sama har fukafukai suka rasa iskar da ke ɗauke da su. Cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu suka faɗa teku, ba wanda ya tsira. Rahoton masu binciken Faransa na 2012 ya nuna ba a horar da su tuƙa jirgi da hannu a irin wannan nisan sama ba.

Tun 1983 wata masaniya 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta rubuta wannan a kan masana'antu. Ma'anar maganarta ita ce na'ura tana ɗauke aikin yau da kullum ta bar wa mutum ranar tashin hankali, alhali aikin yau da kullum ɗin ne ke shirya shi don wannan ranar.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, na'urar tuƙi ta ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba, ba mai hankalin da zai ce a cire ta. Abin da suka yi shi ne tilasta wa matuƙa komawa ɗakin gwaji lokaci zuwa lokaci, a lalata musu na'ura da gangan a ga yadda za su yi.

Khalifa:
Kawu na ji, amma bari in kawo nawa misalin. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a wasan ches. Wasan ya mutu? Yara ma suka fi saurin ƙwarewa. Bobby Fischer yana da shekara 15 ya samu babban muƙamin wasan a 1958, aka yi ta mamaki. A 2021 Abhimanyu Mishra ya samu yana da shekara 12. Gukesh ɗan Indiya ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana da 18. Su biyun nan na ƙarshe da kwamfuta suka taso suna atisaye.

Almajirin Gwani:
Malam Khalifa, tambaya ɗaya. Ranar gasar, ana barinsu su shiga da kwamfutar?

Khalifa:
A'a, ko waya aka kama ka da ita an kore ka.

Almajirin Gwani:
To ka ba da amsar da kanka, Allah ya yi maka albarka.

Mu a tsangaya mun ga irin wannan. Da can Alƙur'ani rubutun hannu ne, ba kowa ke da shi ba. Aka zo aka fara buga shi, aka zo da kaset, yanzu yana cikin kowace waya, ka danna kalma ta fito maka da duk inda ta zo. In da samuwar abu ke kashe ƙwarewa, da hadda ta mutu tuntuni. Ba ta mutu ba, don akwai wuraren da dole ka tsaya kai kaɗai: gaban malam ranar darasu, gaban sahu a tahajjud, kan kujerar musabaƙa. Musabaƙar ƙasa ma a 1986 aka fara ta a Sakkwato, bayan bugaggen Alƙur'ani ya riga ya cika gari.

Kuma ku duba yadda ake kai wa can. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya rubuta allonsa da hannunsa, ba zai wanke ba sai ya riƙe. Daga kolo ya zama titibiri, ya zama gardi. Bayan hadda sai satu, ya rubuta Alƙur'ani daga ka, malamai su bi shi harafi harafi. Ba wai malam ba shi da bugagge a ɗaki ba ne. Yana da shi, ya san dai cewa hannun da ya rubuta ya fi idon da ya kalla riƙewa.

Matsalar sana'arku, Abban Sadiq, ba ku da musabaƙa. Mai kantin magani ba ruwansa da ko yaron ya gane, shi dai lissafinsa ya daidaita.

Abban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda ke ciwo. Tunda an zo nan bari in tona kaina. Shekara uku da suka wuce nakan ɗauki sababbin yara biyu duk shekara in riƙa ba su ɗan albashi, su yi ƙananan ayyuka: gyaran fom, rubuta gwaji, share kurakurai. Bara ban ɗauki ko ɗaya ba. Aikin da sukan yi a mako, ni da AI muna gamawa kafin azahar, kuɗinta a wata kuma bai kai abin da nake ba yaro ɗaya ba. Wannan ma makaranta ce ta turo shi.

Kuma ko da na ɗauka na sha wahala na horar, da ya ƙware sai wani kamfanin waje ya ɗauke shi yana biyansa da dala daga ɗakin uwarsa. Uku sun tafi haka, ban riƙe su a zuciya ba, ni ma da zan yi. Amma kun ga ni na cire matakalar da na hau, sannan na zo nan ina kukan yaro bai iya hawa ba.

Dakta Ummu Ilham:
Mu ma haka, mu horar Ingila da Saudiyya su kwashe. Bambancin dai mu gwamnati ke biyan horon, ku aljihunku ne.

Baban Gareji:
Abban Sadiq, a nan na saɓa da kai. Ni yaran da na yaye sun fi goma sha biyar, wasu garejinsu ya fi nawa girma. Maigidana bai yi lissafin ko zan zauna ba da ya koya mini. Kuma ba asara na yi ba, motar da ta gagare su nan suke turo ta, wanda ya samu kwangila ya kira ni. Ɗauki yaro ɗaya ko da rabin albashi ne.

Abban Sadiq:
Baba, kai yaronka tun ranar farko yana rage maka aiki, ko wanke noti ne. Kwamfutarka ba ta wanke noti. Tawa tana wankewa.

Baban Gareji:
To wannan kam ba ni da amsarta.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ni ban san kan kwamfuta ba, amma tunda injin aiki na kwamfuta ya shigo, 'yan matan da ke zuwa wajena ba mai son zama ta koyi yanka. Kowa so take ta danna ta ga fure ya fito. Ga shi yanka shi ne ɗinki, in kika ɓata yadin mutane ba injin da zai mayar. Ni da takardar buhun siminti aka fara ba ni almakashi.

Malama Hajjo:
Hajiya, takardar simintin nan taki ita ce ɗakin gwajin matuƙan da Kawu ya faɗa. Wuri ne da za ki ɓata ba a yi asara ba.

Khalifa:
Na yarda da rabin maganarku. Amma ku ma ku yarda cewa ba duk wahala ce karatu ba. Wata wahalar rashin kayan aiki ce kawai, ko mugun hali na oga. Yaya, a kwana ukun nan naka, awa nawa ka yi kana koyo, awa nawa ka yi kana jiran wuta da intanet?

Abban Sadiq:
😂 Ƙanena ka kama ni. Wataƙila kwana ɗaya ne karatun, biyun NEPA ce.

Kawu Injiniya:
To kwana ɗayan za ka nemo masa, ka yafe masa biyun.

Admin:
Jama'a, wanda ya turo tallan maganin basir a tsakiyar muhawarar nan na goge, kada a sake. Ku ci gaba.

Abban Sadiq:
Na dawo da rahoto, tunda mako ya zagayo. Na gaya wa yaron aikin kwastoma ya yi da duk abin da ya ga dama, amma ba zai tura ba sai ya zauna ya yi mini bayanin kowane layi. Ranar Juma'a kuma bayan masallaci na kwafi tsohuwar manhajar kantin a wata kwamfuta, na lalata wuri ɗaya da gangan, na cire mata intanet, na karɓi wayarsa na sa a durowa.

Awa uku ya yi. Bai gano ba. Sau biyu yana zuwa daf da wurin sai ya wuce, ni kuma ina bayansa ina cije leɓe kamar in nuna masa da yatsa. Da la'asar ta yi ya ce in ba shi makulli zai dawo gobe Asabar.

Almajirin Gwani:
Kada ka nuna masa.

Khalifa:
Yaya, turo mini lalatacciyar ni ma in gwada. Na yi alkawari ba zan tambaye ta ba.

Abban Sadiq:
Duba akwatinka, na turo. Makullin kuma na ba shi, sai dai na ce man janareto na Asabar mu raba biyu.

Baban Gareji:
Haba Alhaji, yaron da ba ka biya albashi? Zuba masa man.